Gurasa da Burodi: Hanyoyin da Alkama ta Biyo da Sunayen da ta Bari, daga Dawakin Tofa zuwa Maraɗi

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin karin harshe sun saba raba Hausa gida biyu manya, watau Hausar gabas, wadda ta ƙunshi Kananci da Dauranci da Damagaranci da makamantansu, da kuma Hausar yamma, wadda ta ƙunshi Sakkwatanci da Gobiranci da Adaranci da Arewanci, sa'an nan a ajiye Katsinanci a tsakani. Wannan rabo ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. To, amma tun daga farkon ƙarni na 20 an sami wani rabo na biyu da ya hau kan na farko, shi ne wanda iyakar Nijeriya da Nijar ta haifar, inda Hausawan kudu da iyaka suka shiga aron kalmomi daga Ingilishi, na arewa da ita kuwa daga Faransanci. Sau da yawa akan cakuɗa waɗannan rabe-rabe biyu, har a ji ɗalibi yana kiran duk kalmar da bai saba ji a Kano ba da sunan "Hausar Nijar".

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi sawun abinci guda ɗaya, watau gasasshen kwaɓin alkama, a ga yadda sunayensa da kamanninsa suka bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa a bakin mutanen da harshensu ɗaya ne. An ɗauki ƙasar Dawakin Tofa a matsayin wurin tsayawa a yi hange, domin kuwa ƙasa ce ta manoman gero da dawa, ga ta a gindin birnin Kano, ga kuma kasuwar Dawanau a cikinta, inda Hausawan ƙasashe dabam-dabam ke haɗuwa kullum. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kowane suna yana ɗauke da labarin hanyar da abincin ya biyo, kuma abin da mutane ke kira kyau ko inganci a burodi, ita wannan hanya da irin kasuwar da ta tarar su suka tsara shi.

2.0 Ƙasar Dawakin Tofa da cimarta

Dawakin Tofa tana arewa maso yamma da birnin Kano, kuma a tarihin masarauta gunduma ce ta Madakin Kano, sarautar da ke hannun Yolawa. Tana cikin yankin nan mai cunkoson jama'a da ya kewaye birni, wanda Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun a shekarun 1960. A wannan yanki gona ba ta hutawa. Ana noma ta shekara da shekara, ana ciyar da ita da takin dabbobi da sharar birni, wadda a da jakuna ke ɗaukowa da rani bayan sun kai itace da kara cikin gari. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne amfanin gona, ana haɗa su a kunya ɗaya, ga ɗorawa da kuka da gawo a tsaitsaye cikin gonaki.

Cimar mutanen wannan ƙasa daga cikin waɗannan ta fito. Da safe a sha koko ko kunu da ƙosai, ko a ci ɗumamen tuwon jiya. Da rana a dama fura, da dare a tuƙa tuwo. Alkama ba ta cikin wannan jeri, dalili kuwa shi ne ba ta yi da damina a ƙasarmu. Tana son sanyi lokacin da take tasowa, saboda haka sai da rani ake shuka ta, wajen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, a girbe ta wajen Maris, kuma dole a yi mata ban-ruwa daga farko har ƙarshe. A zamanin da, ɗan abin da ake nomawa a fadamu ne, ana ɗebo ruwa da jigo. Wannan wahala ita ta sa alkama ta zama abincin sarakuna da attajirai da ranar biki. Ke nan duk wani abincin alkama da ya shiga ƙauyukan Dawakin Tofa, daga birni ya fito, kuma da sunan da birni ya karɓo daga wasu ya iso.

3.0 Hanyar Sahara: alkama da gurasa

Ita kanta kalmar "alkama" daga Larabci take, watau "al-ƙamh". Marubutan Larabawa na da sun nuna matsayin wannan ƙwaya a bakin Sahara. Al-Bakri, wanda ya rubuta littafinsa a 1068, ya bayyana cewa a garin Audagust, cikin Muritaniya ta yau, ana noman alkama da ban-ruwa, amma masu mulki da masu hali kaɗai ke cinta. Shi kuwa Ibn Baɗuɗa, da ya sauka a Takadda, yamma da Agadas, a 1353, ya tarar da alkama kaɗan ce, kuma fatake da baƙi ne ke cinta. Watau tun shekaru ɗaruruwa da suka wuce alkama abincin baƙo ce da mai dukiya a wannan sashe na duniya.

A Kano, waɗanda suka raya girke-girken alkama su ne Larabawan Tarabulus da Gadamas da suka zauna a birni don fatauci. Clapperton ya same su a 1824, Barth kuma, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya same su a 1851. Sunayen unguwanni sun adana tarihinsu. Akwai Dandalin Turawa, tun lokacin da "Bature" ke nufin Balarabe mai farar fata, akwai kuma Alfindiki, daga "al-funduƙ", watau masaukin fatake. Daga gidajensu ne matan Kano suka koyi alkaki, daga "al-ka'ak", da alkubus, daga "al-khubz", da gireba da bakilawa da dubulan, waɗanda har yau su ne adon garar amarya.

Kalmar "gurasa" tana da wani abin lura ga mai nazarin harshe. Asalinta "ƙursa", watau abu mai faɗi kewayayye. Da ta hannun malamai ta shigo, da mun ji ta da /ƙ/, kamar yadda muke da "alƙali" da "alƙalami" da "Alƙur'ani", domin malamai daga littafi suke ɗauka. Amma Larabawan Libiya da na Cadi da Sudan suna furta wannan harafi da /g/ a maganarsu ta yau da kullum. Saboda haka /g/ ɗin "gurasa", kamar na "gahawa" da "bindiga", shaida ce cewa kalmar daga bakin 'yan kasuwa aka ji ta, a kasuwa ko a madafa. A arewacin Sudan ma akwai abincin alkama mai suna "gurrasa", sai dai su a kan faffaɗan ƙarfe suke gasa tasu, ta fito da laushi kamar yadi mai kauri. Ta Kano kuwa a cikin tanderu ake manna ta, watau tukunyar ƙasa da ake zafafawa da wutar kara, kuma shi ma "tanderu" ɗan'uwan "tannur" ne na Larabci. Suna ɗaya ne a ƙasashen biyu, amma wanda ya saba da ɗaya zai yi mamakin ɗayar.

Gurasa ta zama sana'ar mata ta cikin gida a unguwannin tsohon birni, musamman wajen Jakara, har aka sami wurin da ake kira Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Daga nan 'yan talla ke ɗaukarta zuwa kasuwannin ƙauye. Ta sami karɓuwa a karkara domin ta shiga cikin abin da ake da shi. A yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa, ta zama bandashe, ko kuma mai tsire ya haɗa ta da nama. Alkamar baƙuwa ce, amma mahaɗin duk daga gonar gyaɗar manomin Dawakin Tofa ya fito.

4.0 Hanyar teku da jirgin ƙasa: burodi

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso a 1911. A wannan shekara ce Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Ayarin raƙuma, wanda dama ya fara rauni, bai sake farfaɗowa ba. Kano ta juya wa Sahara baya ta fuskanci teku. Jirgin da ke kwasar gyaɗa zuwa Ikko shi ke dawowa da buhunan fulawa da sukari da ganyen shayi, tare da akawuna da ma'aikata 'yan kudu da suka zauna a Sabon Gari, waɗanda sun riga sun saba da burodi.

Shi burodin Nijeriya a Ikko ya sami kamannin da muka san shi da su. Peter Kilby, wanda ya wallafa nazari kan masana'antar burodi ta Nijeriya a 1965, ya ba da tarihin Amos Shackleford, mutumin Jamaika, wanda ya zo Ikko aikin jirgin ƙasa, daga baya ya buɗe gidan burodi, ya kuma yaɗa amfani da injin murza kwaɓi. Wannan inji yana matse kwaɓin a tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa, a yi ta maimaitawa har ya yi santsi. Shi ya sa cikin burodinmu yake a cushe, mai laushi, mai danƙo, ba shi da manyan ramuka.

Sunan ma yana da nasa tarihi. Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, kuma ta fi son kalma ta ƙare da wasali. Wannan ya sa muke da "burki" da "buroshi" da "direba" da "firamare". Bisa wannan ƙa'ida, kalmar Ingilishi "bread" abin da za ta haifar shi ne "biredi" ko "buredi", kamar yadda Yarbawa ke cewa "buredi". To, daga ina /o/ ɗin "burodi" ya fito? A gaɓar tekun Gana, inda mutanen Holan da Danmak suka daɗe da kafa sansanonin ciniki, Akan suna cewa "brodo", kuma a harsunan waɗannan Turawa da na Jamus kalmar tana da wasali mai kama da /o/. Hausawa kuwa sun daɗe suna fataucin goro zuwa Gwanja, sa'an nan tun yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 akwai sojojin Hausa a wannan gaɓa, ga kuma waɗanda suka zauna ƙarƙashin Jamus a Togo da Kamaru daga 1884. A ganina, ya fi kusa da hankali a ce "burodi" ta wannan hanya ta shigo, a bakin fatake da sojoji, tun kafin makarantar boko ta yi ƙarfi. "Biredi" kuwa, wadda matasa da 'yan jarida suka fi amfani da ita a yau, aro ne na biyu, kai tsaye daga Ingilishi. Ke nan a ƙauye ɗaya ana iya jin tsoho ya ce "burodi" jikansa ya ce "biredi", kowannensu yana ɗauke da zamani dabam. Irin wannan aro na biyu ya faru ga wasu kalmomin teburin mai shayi, inda "sukari" ta Larabci ke fama da "suga", "shayi" kuma ke fama da "ti".

Har zuwa samun 'yancin kai burodi abincin birni ne. Yaɗuwarsa karkara ta biyo bayan abubuwa uku da suka zo kusa da juna. Na farko, kafa kamfanin niƙa fulawa na Flour Mills of Nigeria a 1960, wanda injinsa na Apapa ya fara aiki a 1962, sa'an nan aka yi rajistar Northern Nigeria Flour Mills na Kano a 1971. Na biyu, kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, waɗanda suka ƙara yawan masu cin abinci a waje. Na uku, farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, waɗanda suka tura samarin ƙauye neman aikin lebura da ƙananan sana'o'i a birni. Wanda ya bar gida da asuba ba ya jiran a dama koko. Sai ya tsaya wurin mai shayi a tasha, ya kuma riƙo burodi ɗaya ya kai wa yara tsaraba da yamma.

5.0 Hayin iyaka

Iyakar da ta raba ƙasar Hausa biyu ba a rana ɗaya aka shata ta ba. An fara da layin Sayi zuwa Barwa a 1890, aka sake yarjejeniya a 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan aka kafa alamomi a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma a nan hedkwatar mulkinsu take kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Daga nan duk wani sabon abu da ya zo wa Bahaushen Maraɗi ko Tawa ko Damagaram ta hannun hukuma, da sunan Faransanci ya zo. Inda ɗan Kano ke cewa makarantar boko, shi "lakwal" yake cewa, malamin kuma "mushe". Littafin rubutu "kaye" ne, agogon hannu "montur", babbar mota "kamiyo", haraji "lanho", ga kuma "jandarma" da "kumandan". Mai lura zai ga /l/ ɗin farkon "lakwal" da "lanho" harafin tabbatarwa ne na Faransanci da aka haɗiye tare da sunan, daidai yadda kakanninmu suka haɗiye "al" ta Larabci a "alkama" da "alkaki". Harshen da ake aro daga gare shi ya sauya, amma dabarar aron ba ta sauya ba.

Game da burodi, kalmar "burodi" sananniya ce a bakin Hausawan Nijar, domin cinikinsu da Kano da Katsina bai taɓa yankewa ba. Maƙwabtansu Zabarmawa kuwa "buru" suke cewa, wadda ta yi daidai da ta Bambara a Mali da "mburu" ta Wolof a Sanagal. Sai dai abin da ake miƙo wa mutum in ya nemi burodi a gidan gashi na Yamai ko Maraɗi, sau da yawa dogon nan ne siriri mai ɓawo, wanda Faransawa ke kira "baget". Haka nan soyayyen kwaɓin fulawa da Kano ke kira "fanke", daga Ingilishi, a Nijar "farimasa" ne. A nan abin da ya faru kishiyar na gurasa da alkubus ne: kalma ɗaya ta tsallaka iyaka, amma abincin da take nufi bai tsallaka tare da ita ba.

6.0 Wanne ya fi kyau?

Gardama ce da ba ta ƙarewa tsakanin direbobi da 'yan kasuwar ƙasashen biyu. Ɗan Nijar ya ce burodin Nijeriya zaƙi ya yi masa yawa, kuma yana liƙe wa mutum a dasashi. Ɗan Nijeriya ya ce na Nijar ɓawo ne da iska, ba ya riƙe ciki, kuma kafin la'asar ya zama sanda. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amma idan aka dubi yadda ake yin kowanne da inda ake kai shi, za a ga kowannensu gaskiya ya faɗa.

Baget fulawa ce da ruwa da gishiri da yis. A Faransa har doka aka yi a 1993 wadda ta taƙaita abin da za a sa a burodin da ake kira na gargajiya, kuma a 2022 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar yinsa cikin al'adun duniya da ake adanawa. Da yake ba mai ba sukari a cikinsa, ga shi siriri, ruwan jikinsa yana fita da sauri, balle a lokacin hunturu. Daɗinsa na sa'o'i kaɗan ne bayan fitowa daga wuta. Saboda haka burodi ne na wanda ke zaune kusa da gidan gashi, yana saye safe da yamma.

Shi kuwa na Nijeriya, ana zuba masa sukari da mai, a murza shi da inji, a gasa a cikin gwangwani, a sa a leda. Sukari da mai suna riƙe danshi, leda kuma ta hana shi fita, sai ya kwana biyu ko uku da laushinsa. Wannan shi ya ba shi damar hawa bayan babur daga birni ya zaga ƙauyuka, ya zauna a teburin mai shayi har ya ƙare. Irin alkamar ma ta bambanta. Nijeriya ta daɗe tana cikin manyan masu sayen alkamar Amurka mai tauri, wadda ke da danƙo sosai, kuma ita ta dace da injin murza. Faransa kuwa alkama mai taushi ta fi nomawa. A wurin manomi ko lebura, burodi mai kyau shi ne mai nauyi a hannu, mai shan shayi ba tare da ya narke ba, mai kai mutum azahar. A wurin ma'aikacin Yamai, mai kyau shi ne mai ɗumi, mai ƙara in an karya shi. Gurasa kuwa da ma'auninta dabam, domin ita bushewa ba ta kashe ta, ruwa kaɗan ya dawo da ita.

Akwai dai wani ɓangare na inganci wanda ba na ɗanɗano ba ne. Idan fulawa ta yi tsada, mai gidan burodi yakan rage nauyi ya bar girma, kuma hanyar yin haka ita ce zuba sinadarin da ke kumbura kwaɓi, wanda ake kira buromet. Masana lafiya na duniya sun yi gargaɗi a kansa tun farkon shekarun 1990, hukumar NAFDAC kuma ta haramta shi a farkon shekarun 2000, zamanin shugabancin Dora Akunyili. Duk da haka binciken da aka yi a jami'o'i daga baya ya ci gaba da gano shi a burodin kasuwa. Mai saye a ƙauye, wanda ke nesa da idon hukuma, shi ya fi shiga wannan haɗari.

7.0 Tarkon alkama

Bukatar burodi ta girma fiye da abin da ƙasa ke iya nomawa. A farkon shekarun 1980 alkamar da Nijeriya ke shigowa da ita ta haura tan miliyan ɗaya a shekara. An gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Bakolori a 1978, da niyyar noma alkama a Kadawa da Talatar Mafara, amma abin da aka samu bai kai ko kusa ba. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun yi nazarin wannan al'amari a littafinsu na 1985, inda suka kamanta shi da tarko: an koya wa jama'a cin abin da ƙasarsu ba ta iya samarwa da arha.

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama daga Janairun 1987. Farashi ya tashi, manoman Kano suka rungumi noman alkama da injin ban-ruwa, masu gidajen burodi kuma suka shiga gauraya fulawa da garin masara da na dawa. Burodi ya yi duhu ya yi nauyi, mutane suka ci a kan cewa da babu gara ba daɗi. A wannan lokaci fulawa ta riƙa shigowa a ɓoye ta iyakokin Binin da Nijar da Kamaru. An ɗage hanin a ƙarshen 1992. Gwamnatocin Obasanjo da Jonathan sun gwada wata dabarar, ta sa garin rogo cikin fulawa, ita ma ba ta zauna ba. Har yanzu fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Nijeriya daga waje take zuwa.

Ita ma gurasa ta faɗa wannan tarko, domin tuni masu yinta suka koma fulawar kamfani. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022, da cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, sun sa buhun fulawa ya gagari masu ƙaramin jari, har mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a birnin Kano a watan Fabrairu na 2024. Abincin da ya shigo a kan raƙumi ya wayi gari farashinsa yana hannun jirgin ruwa da canjin dala.

8.0 Dawanau: tsohon bambanci da sabo

Kasuwar Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a kan hanyar Katsina, tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Wake yana shigowa daga Nijar, masara da gero da dawa suna fita, riɗi da zoɓo kuma suna tafiya ƙasashen ƙetare. A nan ne mai kunne zai iya rarrabe bambance-bambancen nan biyu da aka ambata tun farko.

Idan baƙo ya ce "hatsi" yana nufin gero, alhali a Kano hatsi ya haɗa gero da dawa da sauransu, ko ya ce "gujiya" yana nufin gyaɗa, ko "tonka" a maimakon barkono, to wannan ba aikin Faransa ba ne. Basakkwace ma haka zai faɗa. Tsohon bambanci ne na gabas da yamma, kuma ya shafi abin da ake nomawa tun kaka da kakanni. Shi ya sa Hausar mutumin Damagaram ta fi kusa da ta Dawakin Tofa a kan ta Basakkwace, ko da yake mutumin Dawakin Tofa da Basakkwacen ne ke ƙasa ɗaya. Idan kuwa baƙon ya ce "kamiyo" ko "jandarma", wannan sabon bambanci ne, na kudu da arewa. Layukan biyu sun gitta juna.

Lissafin kuɗi ya haɗa duka biyun. "Dala" tsohuwar kalma ce daga kuɗin azurfa na Turai da ya yi yawo a Sahara. A Nijeriya ta zama sule biyu zamanin fam da sule, bayan zuwan naira a 1973 ta ɓace, yanzu kuma ta dawo da ma'anar kuɗin Amurka. A Nijar kuwa dala tamma biyar ce ta sefa, kuma da ita ake ƙirga, har a ce dala ashirin ana nufin sefa 100. "Jaka" a Kano fam 100 ce, daga baya naira 200, amma "jika" a Maraɗi sefa 1,000 ce. Kalmomin na gado ne, ƙimar kuwa kowace hukuma da tata.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa "gurasa" ta zo ta Sahara a bakin fatake, "burodi" ta zo daga gaɓar teku, "biredi" ta fito daga aji, "baget" kuma ta tsaya inda mulkin Faransa ya tsaya. Haka nan kowane burodi an gina shi ne bisa nisan da zai yi tafiya da aikin da mai cinsa zai yi.

Wannan yana da darasi ga masu aikin ƙamus da daidaita harshe. An yi ƙoƙari wajen daidaita rubutu a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006. Amma daidaita rubutu bai wajabta a ɗauki kalmar Kano ita kaɗai ce Hausa ba. Ya kamata ƙamus ya faɗi inda ake amfani da kowace kalma da abin da take nufi a can, domin malamin da ya ce wa ɗalibi "gujiya" kuskure ce ya share masa tarihi. Ɗaliban da ke neman abin nazari ba sa bukatar tafiya mai nisa: wata guda a rumfunan Dawanau, da alƙalami da na'urar ɗaukar magana, zai tara kalmomin awo da na ciniki da na abinci daga Hausar ƙasashe da dama. Tsofaffin matan da suka san sunayen girke-girken alkama na da, da yadda ake yinsu kafin zuwan fulawar kamfani, su ma ya kamata a same su tun suna da rai.